Tabon Takobi a Gaban Alƙali: Shari'ar James Hadfield da Abin da Ta Gadar

A daren 15 ga Mayu 1800, gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane da ke Landan ya cika maƙil, domin an san Sarki Joji na Uku zai zo kallo tare da iyalinsa. Sarki ya shigo rumfarsa ta sama, jama'a suka miƙe tsaye, makaɗa suka soma taken ƙasa. Sai wani mutum daga cikin 'yan kallon ƙasa ya haye kan benci, ya zaro bindigar hannu irin ta sojan doki, ya auna rumfar ya saki wuta. Harbin ya kuskure sarki. Nan take aka yi caa a kan mutumin, aka ja shi zuwa ɗakin makaɗa. Sarki kuwa ya ƙi barin wurin. Ya ce a ci gaba da wasa, ya kuma zauna har aka tashi.

A ɗakin da aka tsare maharbin, Yarima Frederick, ɗan sarki na biyu kuma shugaban rundunar sojan Ingila, ya shigo ya ga ko wane ne. Mutumin ya gane shi, ya gaishe shi da fara'a, ya tuna masa cewa ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Sunansa James Hadfield, shekarunsa ba su kai 30 ba, sana'arsa ƙirar cokulan azurfa. Ya yi magana a natse, ya ce shi dai ya gaji da duniya. Amma kafin ya buɗe baki, duk wanda ke ɗakin ya riga ya ga abin da ba ya ɓoyuwa: kansa da fuskarsa duk tabon sara ne, manya, masu zurfi.

Shekara shida kafin wannan dare, Hadfield soja ne a runduna ta 15 ta mahaya dawaki, cikin sojojin da Ingila ta tura su yaƙi Faransa bayan juyin juya hali. A watan Mayu 1794, a gwabzawar Tourcoing kusa da garin Lille, Faransawa suka rutsa da shi, suka sassare shi da takobi a ka, aka bar shi a fili a kan ya mutu. Bai mutu ba. Aka kama shi fursunan yaƙi, daga baya ya koma gida, rundunar ta sallame shi saboda hankalinsa ya taɓu. Abokan aikinsa sun shaida cewa kafin saran soja ne mai ladabi, mai ƙaunar sarkinsa, ba ya ja da baya a fagen fama. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya same shi a asibiti bayan raunin yana cewa shi ne Sarki Joji, yana duba madubi yana lalube kansa wai yana neman kambinsa.

Da ya dawo Landan ya yi aure, ya haihu, yana aikinsa, ciwon yana tashi yana lafawa. Cikin haka ya haɗu da wani mai ɗinkin takalma, Bannister Truelock, wanda shi ma hankalinsa ba daidai yake ba, yana wa'azin cewa dawowar Almasihu ta gabato. Maganar ta sami wurin zama a zuciyar Hadfield. Ya gaskata cewa sai ya mutu duniya za ta tsira. Addininsa ya hana shi kashe kansa, don haka ya nemi laifin da ba makawa hukuma za ta kashe wanda ya aikata shi. Kwana biyu kafin ya je gidan wasan, iyalinsa sun ƙwace jaririn ɗansa daga hannunsa da ƙyar, yana neman buga kan yaron da bango, yana cewa umarni aka ba shi daga sama.

Da a ce wani talaka ya harba, da wuya a sake jin labarinsa. A Ingilar wancan zamani, wanda ake tuhuma da kisan kai ko fashi ba a yarda lauyansa ya yi wa masu yanke hukunci jawabi ba. Wannan dama ba ta samu ba sai a 1836. Amma harbin sarki cin amanar ƙasa ne, kuma tun ƙarshen ƙarni na 17 doka ta ba wanda ake tuhuma da wannan laifi kariya ta musamman, saboda sarakunan baya sun sha fakewa da shi su halaka abokan hamayya. Ana ba shi takardar tuhuma tun da wuri, ana ba shi lokacin shiri, kotu kuma tana naɗa masa lauyoyin da ya zaɓa. Hadfield ya zaɓi Thomas Erskine, wanda a lokacin ba a san lauyan da ya fi shi iya kare wanda ake tuhuma ba a duk ƙasar.

Erskine ya tarar da katanga a gabansa. Ma'aunin hauka a kotunan Ingila tsoho ne, mai tsauri. A 1724, a shari'ar Edward Arnold wanda ya harbi wani basarake mai suna Onslow, alƙali ya bayyana cewa ba a yafe wa mutum sai in hankalinsa da tunaninsa sun gushe ɗungurum, har bai san abin da yake yi ba, kamar jariri ko dabbar daji. Antoni Janar John Mitford ya tsaya a kan wannan ma'auni ranar 26 ga Yuni 1800, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Hadfield ya sayi bindiga, ya tanadi albarushi, ya biya kuɗin shiga, ya zaɓi wurin da zai hangi rumfar sarki, ya yi haƙurin jira. Bayan harbin ya amsa tambayoyi daidai wa daida. Ina haukan yake?

Amsar Erskine ita ce ta sa ake karanta wannan shari'a har yau. Ya ce in ana nufin sai wanda bai san sunansa ba, bai san iyalinsa ba, bai san dare da rana ba, to irin wannan mahaukaci ba ya ma iya ƙulla laifi, kuma ba shi ne ake kawowa kotu ba. Masu taɓin hankali da yawa suna tuna komai, suna lissafi, suna tsara al'amari, har su fi mai lafiya wayo. Ciwon yana can a tushe: wani abu da babu shi ya kafu a zuciyarsu a matsayin gaskiya, ba hujjar da za ta tumɓuke shi, sai su ɗora gini mai tsari a kan wannan ruɓaɓɓen harsashe. Abin da ya kamata kotu ta tambaya, in ji shi, shi ne ko aikin da aka yi ɗan wannan ruɗu ne kai tsaye.

Daga nan ya juya ga jikin wanda yake karewa. Ya nemi mutum 12 ɗin da aka zaunar su yanke hukunci su dubi kan Hadfield da idonsu. Ya kira Henry Cline, babban likitan tiyata, wanda ya ce saran ya isa ya lahanta ƙwaƙwalwa. Ya kira likita Alexander Crichton, wanda ya rubuta littafi kan ciwon hankali shekara biyu kafin nan, ya ce ba ya shakka mutumin nan ba shi da lafiya. Sojoji suka zo, dangi suka zo, kowa da labarin yadda yake a da da yadda ya koma. Erskine bai manta da nuna wa kotu cewa a wajen kare wannan sarki da aka harba ne aka yi wa mutumin wannan illa ba. Wannan magana ta ratsa zukata ƙwarai, kuma gaskiya ce.

Babban Alƙali Kenyon bai bari an gama kiran shaidu ba. Ya dakatar da shari'ar, Antoni Janar bai ja ba, aka yanke cewa Hadfield ba shi da laifi domin yana cikin hauka a lokacin da ya yi harbin.

Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba. Kafin wannan rana, wanda aka wanke saboda hauka sau da yawa danginsa ake miƙa wa, kuma ba wata tsayayyiyar doka da ta ba kotu ikon ci gaba da riƙe shi. Hukuma ba ta da niyyar sakin wanda ya auna sarki da bindiga. Cikin wata guda majalisa ta zartar da dokar masu laifi masu taɓin hankali ta 1800, ta kuma sa ta waiwayi baya don ta hau kan Hadfield. Dokar ta ce duk wanda aka wanke daga babban laifi saboda hauka za a tsare shi har sai yadda sarki ya ga dama. Ba wa'adi, ba ranar fita. A lokaci guda aka yi wata doka da ta janye kariyar nan ta musamman daga duk wanda ya nemi ran sarki, aka ce a yi masa shari'a kamar mai kisan kai. Ƙofar da Hadfield ya samu ya tsira ta cikinta an rufe ta a bayansa.

Aka kai shi asibitin mahaukata na Bethlem. A 1802 ya bugi wani majinyaci, mutumin ya mutu. A shekarar kuma ya tsere, aka cafke shi a Dover yana neman tsallakawa Faransa, aka jefa shi kurkukun Newgate, inda ya shekara 14. A 1816 aka mayar da shi sabon ginin Bethlem da ke kudancin kogin Thames, a sashen da aka gina domin irinsa. Wani ɓangare na ginin yana nan, yanzu gidan tarihin yaƙe-yaƙen Birtaniya ne. A can ya tsufa yana kiwon tsuntsaye da kyanwoyi, yana rubuta 'yan waƙoƙin ta'aziyyarsu in sun mutu, har da na wani kurege da ya shaƙu da shi, yana sayar wa masu ziyara. Tarin fuka ya kashe shi a Janairu 1841. Mutumin da kotu ta ce ba shi da laifi ya yi fiye da shekara 40 a kulle.

Hujjar Erskine ma ba ta zama doka tabbatacciya ba. A 1812 John Bellingham ya harbe Firayim Minista Spencer Perceval a harabar majalisa. An roƙi kotu ta jinkirta a kawo shaidun taɓin hankalinsa, ta ƙi, mako guda bayan kisan aka rataye shi. A 1840 wani matashi, Edward Oxford, ya harbi Sarauniya Biktoriya bai same ta ba, shi kuma aka wanke shi saboda hauka, aka aika shi Bethlem. Sai a Janairu 1843 wani masassaƙi daga Glasgow, Daniel M'Naghten, wanda ya gaskata cewa 'yan jam'iyya mai mulki suna bin sa ko'ina suna neman ransa, ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel. Da kotu ta wanke shi, ƙasa ta ɗauki zafi, jaridu suka yi ta kumfar baki, sarauniya da kanta ta nuna ɓacin ranta. Majalisar Dattawa ta tara manyan alƙalai ta yi musu tambayoyi, amsarsu ta zama abin da ake kira ƙa'idojin M'Naghten. Gundarinsu shi ne: ana ɗaukar kowa mai hankali ne, sai in ya tabbatar cewa ciwon hankali ya hana shi sanin irin aikin da yake yi, ko kuma ya hana shi sanin cewa aikin ba daidai ba ne.

Komai ya rataya ke nan a kan sani. Da an auna Hadfield da wannan ma'auni, da wuya ya kuɓuta, domin ya san bindiga ce a hannunsa, ya san sarki ne a gabansa, ya san hukuncin kisa ne, kuma hukuncin ne ma ya je nema.

Shekara biyar bayan ƙa'idojin, wani haɗari a Amurka ya nuna inda suka gaza. Ranar 13 ga Satumba 1848, kusa da garin Cavendish a jihar Vermont, Phineas Gage, helman leburorin da ke fasa dutse don shimfiɗa layin dogo, yana danna albarushi cikin rami da sandar ƙarfe sai wuta ta tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo 6, ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa, ta lalata wani yanki na gaban ƙwaƙwalwarsa. Ya rayu, yana magana, yana gane mutane, yana tuna abin da ya faru. Amma likitansa, John Harlow, ya ba da rahoton cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya riƙon ma'aikata ya koma mai gajen haƙuri, mai ashar, mai ƙulla shiri ya watsar, har kamfanin ya ƙi mayar da shi kan aikinsa. Gage bai aikata laifi ba, kuma daga baya ya sami sauƙin da ya iya tuƙa keken dawaki na fasinja shekaru da dama a ƙasar Chile, kafin farfaɗiya ta kashe shi a 1860. Darasin da likitoci suka ɗauka a hankali shi ne ana iya raunata ɓangaren da ke riƙe mutum, a bar ɓangaren da ke sani lafiya lau. Mahayi ya san hanya sarai, linzami ne ya tsinke.

Yau an san dalilin da ya sa wannan rauni ya yi yawa. Gaban ƙwaƙwalwa yana zaune ne a kan ƙashi mai kaushi da ke saman ramin idanu. In kai ya bugu da ƙarfi, ko da ƙoƙon bai fashe ba, ƙwaƙwalwa tana girgiza ta gogu da wannan ƙashi. Nan ne kuwa mazaunin haƙuri, da auna abin da zai biyo baya, da danne fushi. Wanda abin ya sama yana iya tashi daga gadon asibiti ba ɗingishi, ba inna, kowa ya yi masa barka. Bayan watanni sai matarsa ta lura abu kaɗan ke tunzura shi, yana mantuwa, ba ya barci, baƙin ciki ya lulluɓe shi. Wasu farfaɗiya ke biyo baya, wasu shaye-shaye, kaɗan daga ciki kuma ruɗu irin na Hadfield.

Dokar Ingila ta ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ta buɗe wa irin wannan rauni ƙofa. Kotunan Sikotland sun riga ta, tun 1867 suka soma rage laifin wanda hankalinsa ya raunana amma bai kai ga hauka ba. A 1957 dokar kisan kai ta Ingila ta yarda a sauko da laifi daga kisan ganganci zuwa wanda bai kai shi ba in hankali ya sami tawaya mai yawa, kuma ta ambaci rauni ƙarara cikin abubuwan da ke jawo tawayar. A 1960 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Byrne, ta ce kasa riƙe kai yana cikin abin da ake nufi.

Bincike ya zo daga baya ya nuna girman lamarin. A 2010 Huw Williams da abokan aikinsa na Jami'ar Exeter suka tambayi maza kusan 200 a wani gidan yari na Ingila, kimanin 60 cikin 100 suka ce sun taɓa samun rauni a ka. A 2011 Seena Fazel na Jami'ar Oxford da abokansa suka bi bayanan mutanen Suwidin na shekara 35. Cikin waɗanda suka sami raunin ƙwaƙwalwa, kusan 9 cikin 100 an same su da laifin tashin hankali daga baya, a sauran jama'a kuwa ba su kai 3 cikin 100 ba. Da aka gwada su da 'yan'uwansu na jini da ba su ji rauni ba, tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Wajibi ne a karanta waɗannan alƙaluma ta fuska biyu, domin sun kuma nuna cewa fiye da 90 cikin 100 na masu raunin ba a same su da irin wannan laifi ba. Zalunci ne a riƙa kallon duk wanda ya fasa kai a matsayin abin tsoro. Zalunci ne kuma a yi wa wanda raunin ya canja shari'a kamar babu abin da ya same shi. Irin wannan mutum a ofishin 'yan sanda yakan amsa abin da bai fahimta ba don a ƙyale shi, yakan manta ranar zaman kotu, a gidan yari kuma a ɗauke shi mai taurin kai.

Wannan tarihi bai tsaya a Landan ba. Ƙa'idojin M'Naghten sun shiga kundin laifuffuka na Indiya na 1860 a sashe na 84. Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsa aka samar da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 51 na kundin ya bi sawun na Indiya: ba laifi a kan wanda taɓin hankali ya hana shi sanin irin aikin da yake yi, ko sanin cewa kuskure ne ko saɓa wa doka. Kudancin Najeriya ya gaji wani kundin daban, wanda aka kwaikwayo daga jihar Queensland ta Ostireliya, kuma sashe na 28 nasa ya ƙara da wanda ciwo ya raba shi da ikon riƙe kansa. Ke nan mutum biyu masu rauni iri ɗaya, ɗaya a Zariya ɗaya a Ibadan, tambayar da nassin doka ya ɗora musu ba ɗaya ba ce. Tsarewa har sai hukuma ta ga dama, wadda aka ƙirƙira domin Hadfield, ita ma ta biyo Turawa, aka sa gwamna a gurbin sarki.

Ƙasar Hausa ba daga Turawa ta fara jin cewa ba a hukunta mahaukaci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa babu ƙisasi ko haddi a kan wanda ya yi ɓarna cikin hauka. A mazhabar Malikiyya, kisan da ya yi ana lissafa shi kuskure, diyya ta hau kan danginsa, don kada jinin wanda aka kashe ya tafi a banza. Wanda haukansa ke zuwa yana tafiya kuwa, ana duba halin da yake ciki ne a sa'ar da ya yi aikin. Inda wuyar take, a kotun shari'a ko ta majistare, shi ne mutumin da ke tsakani: ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano ya kwana uku bai san inda kansa yake ba, ko sojan da ƙarar bam ta jefar a Arewa maso Gabas, ko matar da aka sha buga kanta da bango. Ba ya yawo tsirara, ba ya tsince-tsince a bola, don haka ba wanda zai kira shi mahaukaci. A gida a ce iska ce ko sammu, a unguwa a ce ƙwaya ce, kuma da wuya a haɗa sabon halinsa da faɗuwar da ya yi shekara uku baya.

A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, mai tushe a wata dokar Turawan mulki ta 1916. Sabuwar dokar ta yi magana a kan magani da haƙƙin marasa lafiya, kuma ci gaba ne na gaske. Ma'aunin da alƙali zai auna laifi da shi kuwa yana cikin kundin laifuffuka na jihohi, kuma majalisun jihohin ne ke da ikon gyara shi. Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya bukatar sabuwar doka. A wasu gidajen yarin Birtaniya an soma yi wa sabon fursuna 'yan tambayoyi tun ranar shigarsa: ko ya taɓa buguwa a ka, ko ya suma, na tsawon wane lokaci, kuma sau nawa. Lauya ko alƙali a Kano ko Sakkwato yana iya yin waɗannan tambayoyi cikin minti biyar, in amsar ta nuna akwai abin dubawa ya nemi rahoton likita daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Kware, ko Barnawa, ko Maiduguri kafin a ci gaba da shari'a.